Yadda Ake Gyara wa Mutum Rubutu Ba Tare da An Ci Masa Fuska Ba

Duk wanda idonsa ya saba da ƙa'idojin rubutu ya san wannan ƙaiƙayin. Kana cikin karanta abin da wani ya rubuta sai ka ci karo da "shine" a inda ya kamata a ga "shi ne", ko "yayi" a maimakon "ya yi", nan take hannunka ya fara motsi. Son gyara abu ne mai kyau, domin harshen da masu shi suka daina kula da yadda ake rubuta shi, a hankali karatunsa yake zama wahala ga kowa. Matsalar tana ga irin gyaran da aka saba yi, wato a zaro kuskuren mutum a shanya shi a gaban jama'a. Irin wannan ya fi korar masu rubutu fiye da gyara rubutun. Mutane da yawa masu magana mai nauyi a bakinsu sun ajiye alƙalami saboda an yi musu dariya a kan harafi ɗaya, kuma asarar ta kowa ce. Shi ya sa nake ganin gyara aiki ne da ake koya, yana da matakai, kuma mafi yawansu ana taka su ne tun kafin a ce wa mai rubutun uffan.

Fara da karanta maganar har ƙarshe

Kafin ka duba yadda aka rubuta, duba abin da aka rubuta. Karanta daga farko har ƙarshe, sannan ka tambayi kanka ko ka fahimci abin da mutumin yake nufi. In ka fahimta, rubutun ya riga ya yi babban aikinsa. In tambaya ya yi, amsarta ce haƙƙinsa na farko a kanka. Mutum ya zo da damuwarsa yana neman shawara, kai kuma ka mayar masa da cewa ya manta waƙafi, wannan rashin tausayi ne ko da gyaran daidai yake.

Akwai kuma wuri guda da nake roƙon ka kame hannunka gaba ɗaya, shi ne lokacin da kuke jayayya. Wanda ya koma kan haruffan abokin muhawararsa a tsakiyar gardama ya nuna wa kowa cewa hujja ta ƙare masa. Ko da niyyarka mai kyau ce, ba wanda zai ɗauke ta haka. Ka amsa hujja da hujja, gyaran ya jira wata rana.

Tantance wane irin kuskure ne

Nan ne yawancin masu gyara suke zamewa, saboda suna ɗaukar duk abin da ya saɓa wa idonsu a matsayin jahilci. Alhali abubuwa ne daban-daban, kuma kowanne da yadda ake tunkarar sa.

Akwai tuntuɓen yatsa ko na alƙalami: harafi ya faɗi, ko biyu sun yi musayar wuri, ko an maimaita kalma. Alamarsa ita ce mutumin ya rubuta kalmar daidai a wani layin. Ya san ƙa'idar, sauri ne ya ci shi. Koya masa ƙa'ida a nan cin fuska ne. Iyakarta ka nuna masa wurin in wurin yana da muhimmanci.

Akwai wanda na'ura ce ta jawo shi. Madannan wayoyi da kwamfutoci da yawa ba sa zuwa da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, sai mutum ya nemo su ya saka da kansa. Wasu wayoyin kuma suna sauya kalma da kansu zuwa wata ta harshen da aka saita su a kai. Mai irin wannan matsala ya fi buƙatar a nuna masa yadda zai ƙara Hausa cikin harsunan madannansa, ya kuma kashe gyaran da wayar take yi ba a sa ta ba. Nuni ɗaya irin wannan ya fi gyara ɗari.

Akwai rashin sanin ƙa'ida na gaske. Alamarsa maimaituwa: ko'ina ya rubuta "zaka", "shine", "gidan sa". Wannan shi ne wanda gyara yake yi wa amfani sosai, in an iya yin sa.

Sai kuma abin da ba kuskure ba ne sam, kuma a nan nake so a daɗe. Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne galibi a kan karin Kano, amma wanda ya rubuta "shina zuwa" ko "biyat" ko "ɗiyata" harshen da ya tashi da shi yake rubutawa, kuma Hausa ce tsantsa. A takardar jarrabawa ko ta ofis ana iya neman ya bi daidaitacciya. A hira tsakanin mutane ba ka da hurumin ce masa ya yi kuskure. Haka nan harafin da ake rubutawa 'y a Nijeriya, a Nijar ƴ ake rubuta shi, kowanne daidai ne a wurinsa. Ƙa'idojin rubutu kansu mutane ne suka zauna suka tsara su, kamar taron da UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shirya a Bamako a 1966 kan yadda za a rubuta wasu harsunan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausa. Kuma abin da mutane suka tsara yana sauyawa. Jamusawa sun yi wa ƙa'idojin rubutunsu garambawul a 1996, suka sake taɓa su a 2006, don haka dattijon da ya yi makaranta kafin nan yana iya rubuta abin da jikansa zai ce ba daidai ba ne. Faransawa sun amince da wasu sauye-sauye a 1990 amma suka bar tsohon salon yana aiki tare da sabon. Turancin Amurka da na Ingila sun bambanta a rubutun kalmomi da yawa, kuma ƙamusun Noah Webster na 1828 yana cikin abin da ya kafa wannan bambanci. Saboda haka kafin ka ce "ba haka ake rubutawa ba", tabbatar ba "ba haka aka koya mini ba" kake nufi.

Kada kuma a manta da mutum biyu. Na farko mai koyon harshen, wanda kowace jimla da ya haɗa ƙoƙari ce. Na biyu mai lalurar nan ta disleksiya, wadda take sa haruffa su riƙa rikice wa mutum ko da kaifin basirarsa ya kai ina. Ba ka da hanyar gane su daga rubutu kawai, don haka ka riƙa gyara kamar mai yiwuwa ɗayansu ne a gabanka.

Auna ko ya cancanci a yi magana

Ba kowane kuskure ne yake biyan kuɗin maganarsa ba. Ma'aunin da nake ganin ya fi adalci shi ne a tambaya: in aka bar shi, wa zai cutu?

In ma'ana ta sauya ko ta rikice, a yi magana. Ɗauki wannan: "ya bata kudi". Mai karatu ba zai san ko "ya ba ta kuɗi" ake nufi ba, ko "ya ɓata kuɗi". Ɗaya kyauta ce, ɗaya zargi ne, kuma suna iya haɗa mutane faɗa. Haka "kasa" da "ƙasa", "kafa" da "ƙafa", "daure" da "ɗaure", "ba a" da "ba'a". Sau da yawa sauran jimlar tana warware rikicin, amma in ba ta warware ba, nuni ya zama dole.

In suna ne, ko lamba, ko kwanan wata, ko adadin magani, ko adireshi, a yi magana da wuri. In rubutun zai daɗe ko zai wakilci mutumin a gaban waɗanda za su auna shi, kamar takardar neman aiki, sanarwa, yarjejeniya, allon talla ko littafi, yin shiru ma cutarwa ne. A jihar Maine ta Amurka, rashin waƙafi guda a cikin dokar biyan kuɗin ƙarin lokacin aiki ya sa direbobin kamfanin madara na Oakhurst suka yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2017, kuma a 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5. A rubutu irin na doka da ciniki, ƙaramar alama tana da nauyin kuɗi.

In kuwa hira ce ta yau da kullum, kowa ya gane, kuma ba wanda ya nemi ra'ayinka, bari ya wuce.

A nan yana da kyau mutum ya leƙa zuciyarsa. A 2016 wasu masana harshe biyu na Jami'ar Michigan, Julie Boland da Robin Queen, sun ba mutum 83 wasiƙun imel na masu neman abokin zaman gida, wasu da kurakurai wasu babu. Masu karatun sun rage wa masu kurakurai daraja, wanda ke nuna cewa kuskure yana jawo wa mai shi asara, don haka gyara taimako ne. Amma binciken ya kuma gano cewa zafin hukuncin ya danganta da halin mai karatu: waɗanda ba su da saurin jituwa da mutane sun fi tsananta wa kuskuren nahawu. Wato wani kaso na haushin da kake ji daga gare ka yake fitowa. In ka lura cewa abin da ke tura ka shi ne a san ka sani, ajiye gyaran.

Tabbatar kafin ka buɗe baki

Duba ƙamus ko littafin ƙa'idojin rubutu, ko ka tambayi wanda ya fi ka sani. Minti biyu ne. Wanda ya yi gyara da ƙarfin hali kuma ya zamana shi ne bai sani ba, ya ɓata daidai ya kuma zubar da girmansa. Sannan ka sake karanta naka saƙon kafin ka aika. Wani edita ɗan Ostireliya, John Bangsund, ya rubuta a 1992 cewa duk wanda ya soki gyaran rubutun wani, za a sami kuskure a cikin sukar tasa. Hausawa sun riga shi: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Zaɓi wuri da lokaci

A keɓe. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace sauƙi kuma aka fi karya ta. Kalmomin da mutum zai karɓa da godiya in ku biyu ne, su ne zai ji kamar mari in akwai 'yan kallo, domin a gaban mutane ba harafi yake karewa ba, mutuncinsa yake karewa. Tura masa shi kaɗai, ko ka ja shi gefe.

Gyara a fili yana da wurinsa: in kuskuren zai ɓatar da wasu kafin mai shi ya gani, kamar ranar taro da aka rubuta ba daidai ba, ko in wurin na koyo ne kuma kowa ya shigo da sanin za a gyara masa. Ko a nan, a taƙaita a kan abin da ya shafi jama'a.

Akwai kuma rubutun da ba a taɓawa ko kaɗan: sanarwar rasuwa, cigiyar wanda ya ɓata, kukan mai rashin lafiya, saƙon wanda yake cikin fushi ko baƙin ciki. In an yi kuskure a lambar waya ko sunan asibiti, wannan kaɗai za ka nuna, a hankali.

Yadda ake faɗa

Fara da maganar da ya yi, da gaske ba don share fage ba. Sannan ka nuna wurin daidai, ka ba da yadda ya kamata ya kasance, ka ƙara dalili a jimla ɗaya. Ga tsara ko aboki, wani abu kamar haka ya isa:

"Ɗan'uwa, na karanta bayaninka, ya gamsar da ni ƙwarai. A layi na uku ka rubuta 'ya kamata a hanya', ina jin 'ya kama ta' kake nufi. Gara a raba su kada a karanta wani abu daban."

Ga wanda ya girme ka ko malaminka, sigar tambaya ta fi dacewa, da jam'in girmamawa:

"Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na ga a sanarwar an sa Talata 14 ga wata, kalanda kuma tana nuna Laraba. Ko za ku duba mana wanne ne?"

Ga yaro ko ɗalibi, ka bar shi ya nemo da kansa: "Akwai kalma ɗaya a wannan layin da take son a raba ta, ko za ki gano ta?" Abin da mutum ya gano da kansa ba ya saurin mantawa.

Kalmomin da za ka guje wa sanannu ne: "ko wannan ba ka sani ba", "koma makaranta", "kuna kashe mana harshe". Haka kuma dariya, da jefa kalmar da aka gyara ita kaɗai ba sallama ba bayani. Wannan na ƙarshe mutane suna ganin taƙaitawa ce, amma mai karɓa yana jin sa kamar an jefe shi da tsakuwa.

Abin da ya fi amfani shi ne ka ba mutum dabarar da zai gwada da kansa gobe ba ka nan. Yawancin kurakuran rubutun Hausa a kan rabawa da haɗewa suke, kuma gwajin musanya yana warware mafi yawansu. In kana shakkar "yayi" ko "ya yi", sa "ta" a wurin "ya": in "ta yi" ta zauna, kalmomi biyu ne, a raba, "yayi" a haɗe shi ne abin da ake yi na zamani. In kana shakkar "bata" ko "ba ta", gwada "ba shi": in ta zauna, a raba. "Shi ne" a rabe yake kamar yadda "ita ce" take a rabe. "A kan" mai nufin bisa ana raba ta, "akan" ta al'ada, kamar "akan yi haka", ana haɗe ta. "Za ka", "za ta", "za mu" a rabe, amma "zan" da "zai" a haɗe. Mallaka tana manne da sunan: "gidansa", "motarta", "littafinmu". Wakilin sunan da aiki ya faɗa wa kuma yana tsayawa shi kaɗai: "na gan shi", "sun kira ta". Wanda ya riƙe waɗannan kaɗai, rabin kurakuransa sun tafi.

Sai dai kada ka juye masa su duka a rana ɗaya. In rubutu yana da kurakurai ashirin, nemi guda ɗaya ko biyu da suka fi maimaituwa ko suka fi ɓata ma'ana. Shafin da aka cika da jan biro ba ya koyar da komai sai tsoro. In shi ya kawo maka ya ce ka duba masa, tambaye shi tun farko irin dubawar da yake so: haruffa kawai, ko har ginin jimla da tsarin magana. Kuma ko an ba ka izini, ka gyara kuskure ka bar salo. Jimlar da take daidai amma ba yadda kai za ka gina ta ba, tasa ce.

Akwai wata hanya da nake so ƙwarai saboda ba ta da zafi ko kaɗan: ka yi amfani da kalmar daidai a cikin amsarka, ba tare da ka ce gyara kake yi ba. Ya rubuta "chikin", kai ka amsa da "cikin". Mai lura zai lura, wanda bai lura ba kuma ba a rasa komai ba. Iyaye haka suke gyara wa yara magana tun fil azal.

Bayan ka faɗa

Ka faɗa sau ɗaya, ka saki. In ya gyara, kada ka yi shela cewa kai ka nuna masa. In ya ƙi, rubutunsa ne. In ya kawo hujja, saurara da gaske, domin yana iya sanin wata ƙa'ida ko wani kari da bai zo maka ba. In ya fusata, jimla ɗaya ta wadatar: "Yi haƙuri, ban yi nufin ɓata maka rai ba." Bin mutum da gyara duk inda ya yi rubutu ya tashi daga taimako ya koma tsangwama.

In kai aka gyara wa

Raba gyaran da muryar da aka yi shi da ita. Tambaya ɗaya ce a gabanka: daidai ne ko ba daidai ba? Duba. In daidai ne, gyara, ka ce na gode, ka ci gaba da maganarka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba wanda yake bin ka dogon uzuri, kuma ba sai ka goge rubutun gaba ɗaya don kunya ba. In gyaran ya sauya ma'ana kuma mutane sun riga sun karanta na farkon, ka faɗa a fili cewa ka gyara wuri kaza, don kada wanda ya amsa maka a kan tsohon ya zama kamar shi ne bai fahimta ba.

In gyaran ba daidai ba ne, faɗi dalilinka a taƙaice ba tare da ramuwa ba: "Na gode, amma a karinmu haka muke faɗa," ko "Na duba ƙamus, duka biyun suna nan." In kuma da izgili aka zo, ɗauki abin da yake da amfani a ciki ka bar sauran inda yake. Kada ka shiga tonon rubutun mai izgilin don ka samo nasa. Za ka samu, amma daga nan maganar da ta kawo ku ta mutu.

Yana da amfani ka riƙe ɗan jerin kurakuran da aka fi gyara maka. Yawancin mutane kurakuransu ba su da yawa, maimaita su suke yi. Kafin ka fitar da rubutu mai muhimmanci, karanta shi da murya, ka bar shi ya huce na ɗan lokaci, sannan ka sake bi kana neman waɗannan kaɗai.

In kai ne shugaban wurin

Malami, edita, ko duk wanda yake jagorantar mutanen da suke rubutu tare, aikinsa ya fi na kowa sauƙi in ya faɗi tsari tun kafin rikici ya taso. A bayyana ko wurin na koyo ne da ake maraba da gyara, ko na hira ne da sai mutum ya nema. A yarda a kan ƙamus ko littafin ƙa'ida guda da za a koma wa in an saɓa. A ware wani lokaci na musamman don tattauna kurakuran da suka yi yawa, ba tare da ambaton sunan kowa ba. In wani ya mayar da gyara makamin cin mutunci, a yi masa magana a keɓe kamar yadda ake so shi ma ya riƙa yi, in ya maimaita a hana shi. Sabon shiga kuma a bar shi ya yi rubutu sau da yawa, ya saba da mutane su saba da shi, kafin kowa ya taɓa masa harafi.